Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da membobin ikilisiyoyi a Gawon Nama, Sakkwato

 

An ba mu aiki mu zaga ikilisiyoyinmu mu gano abin da ya sa ajin baftisma yake cika da yara, manya kuwa sai ɗai-ɗai. Gaskiyar magana, mun fita da amsa a aljihu. Mun ɗauka tsoro ne. Mu kaɗan ne a garin nan, kuma babu wanda ya manta da kisan ɗaliba Deborah Samuel a watan Mayu na 2022 da kwanakin da suka biyo baya. Tsoron yana nan, ba mu raina shi ba, za mu kuma dawo kansa. Amma yawancin manyan da muka zauna da su ba masu ɓuya ba ne. Unguwa duka ta san su Kirista ne. Suna zuwa sujada, suna ba da baiko, wani ma shi ya sayi kwanon da aka rufa majami'a da shi. Babu mai korarsu daga gida in an yi musu baftisma gobe.

Ga irin amsoshin da muka ji. Wani baba ya ce, "Ni da furfurata zan zauna benci ɗaya da jikokina ana yi mini tambaya?" Wani ya ce, "In na fito yanzu, sai a ce ashe duk shekarun nan ba a yi mini ba." Wani kuma matarsa ta riga shi, ya ce ba zai yiwu ta tsaya a bakin ruwa tana kallonsa ba. Wata mama ta ce faston da zai tsoma ta a gabanta aka haife shi, ita ta yi masa wankan jariri. Dukansu kuwa kalma ɗaya suka rufe maganarsu da ita: kunya.

Kunya abu ne mai kyau a wurinmu. Da ita muka tashi, kuma wanda aka ce ba shi da ita an gama zaginsa. Kunya ce take sa yaro ya durƙusa ya gai da babba, ita take hana suruka ɗaga murya a gaban uwar miji. Amma ku lura, kunyar kirki saukar da mutum take yi domin ta girmama wani. Wadda muka ji a bakin 'yan'uwanmu kuwa tsare girman mai ita take yi, kada a gan shi a ƙasa. Wannan girman kai ne ya ari rigar kunya ya sa, shi ya sa muka daɗe muna zaune da shi a majami'a ba mu gane shi ba. Muna faɗar haka da rawar jiki, domin kafin mu gama zagayen mun same shi a cikinmu mu ma.

Bari mu buɗe 2 Sarakuna sura 5. Na'aman shugaban sojojin Suriya ne, babban mutum a gaban sarkinsa, jarumi, amma yana da kuturta. Wadda ta fara nuna masa hanya baiwa ce, ƙaramar yarinya da aka kamo daga ƙasar Isra'ila tana yi wa matarsa hidima. A nan ya yi ƙoƙari, ya saurari yarinya. Sai dai ku dubi yadda ya shirya tafiyar: wasiƙa daga sarki zuwa sarki, talanti 10 na azurfa, shekel 6,000 na zinariya, da riguna 10. Neman taimako ya fita, amma ya shirya kamar mai zuwa ciniki, domin kada a ce an yi masa kyauta. Ya iso ƙofar Elisha da dawakai da karusai. Annabin ko leƙowa bai yi ba. Ɗan saƙo ya turo, a faɗa masa ya je Kogin Urdun ya yi wanka sau 7.

Na'aman ya husata. Mu kuma mu duba abin da ya ɓata masa rai, domin bai ce Allah ba zai iya ba. Ya riga ya tsara a zuciyarsa yadda za a warkar da mutum irinsa: annabi ya fito da kansa, ya tsaya, ya kira sunan Allah, ya kaɗa hannu a kan wurin ciwon, jama'a suna kallo. Ya kuma tuna da kogunan garinsu Dimashƙu, wato Abana da Farfar, ya ga sun fi ruwan Isra'ila duka. Kamar Basakkwace ne a ce masa ya bar Gulbin Rima ya je ya yi wanka a wani kududdufi na baƙin wuri. Ya juya zai koma gida da kuturtarsa da zinariyarsa.

Barorinsa ne suka cece shi. Suka matso da ladabi, suka kira shi uba, suka ce da abu mai wuya annabin ya sa shi ai da ya yi, balle ɗan wanka. A nan asirin girman kai ya tonu. Abu mai wuya ba ya ba shi tsoro. Ku ce wa babban mutum ya ɗauki nauyin ginin majami'a, zai yi. Ku ce ya yi azumin kwana 7, zai yi, har ya ƙara. Abin da yake gudu shi ne ƙaramin abu wanda yaro ma zai iya, wanda babu yabo a cikinsa. Baftisma kuwa haka take. Mutum ba ya yi wa kansa. Sai ka ba da jikinka a hannun wani, ya riƙe ka, ya sunkuyar da kai, ya ɗago ka. Ko a ikilisiyoyin da ake zuba ruwa a ka, dole ka sunkuyar da kan nan.

Akwai kuma abin da nassin bai tsaya a kansa ba amma hankali yana ba mu. Mutum ba ya shiga kogi da sulke. Sai da Na'aman ya tuɓe a gaban sojojinsa da barorinsa, suka ga abin da kayan sarauta suka daɗe suna rufewa. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da muke Gawon Nama, asibitin koyarwa yana nan kusa da mu, muna ganin wannan kullum. Mai babbar riga yakan shigo da direba da 'yan rakiya, likita ɗan shekara 30 ya ce masa, "Baba, a cire riga a hau gado." Ya cire, ya hau, har da godiya. Ba ya cewa a gabana aka haife ka, domin ya san ciwon yana iya kashe shi. Ranar da muka ɗauki zunubi da muhimmancin da muke ba hawan jini, maganar benci za ta mutu da kanta.

Labarin Na'aman bai kamata ya zama baƙo gare mu ba, domin ta ƙofar kuturta bishara ta sami wurin zama a lardunan nan. Gwamnatin Turawa ta daɗe tana hana mishan aiki a ƙasashen sarakunan Arewa. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka ba mishan ta SIM kula da sansanonin masu cutar kuturta: Amanawa a nan Sakkwato, Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. Ku sake sauraron sunan nan na ƙarshe: ya da kunya. Da yawa daga cikin Hausawan da suka fara ba da gaskiya a lardunan nan, a irin wuraren nan suka ji Maganar, suka koyi karatu, wasu suka zama ma'aikatan magani da masu bishara. Mutane ne da duniya ta riga ta tuɓe musu rigar daraja, dangi suka ware musu ƙwarya da tabarma. Da aka ce su zo ruwa ba su tambayi wanda za su zauna benci ɗaya da shi ba. Yau kuturta tana warkewa da magani, kyauta ake ba da shi, mun gode Allah. Mu kuma 'ya'ya da jikoki mun yi makaranta, mun sami aiki, mun ɗinka riguna. Wasunmu ma ba sa so a tuna musu da inda kakanni suka fito. Ashe rigar da muka samu ita ce ta zama mana nauyi a bakin ruwa.

Haka abin yake tun zamanin Yahaya Mai Baftisma. Luka 7:29-30 ya nuna mana cewa talakawa da masu karɓar haraji sun karɓi baftismarsa, Farisiyawa da masanan Attaura kuwa suka ƙi, kuma Luka ya lissafta ƙin nan a matsayin ƙin nufin Allah a kansu. Ba jahilai ba ne, sun fi kowa sanin Littafi. Yahaya ya san inda suka jingina, shi ya sa ya gargaɗe su kada su dogara ga cewa Ibrahim ubansu ne. Mu ma muna da namu Ibrahim ɗin. "Kakana ne ya fara kawo bishara garinmu." "A gidan mishan aka haife ni." "Mu ECWA muke tun kafuwarta a 1954." Madalla, abin godiya ne. Amma kakanka don kansa ya tuba. A cikin layin nan na masu zunubi a bakin Urdun kuwa, akwai mutum ɗaya tak da ba shi da abin tuba, shi ne Ubangijinmu Yesu. Yahaya ya so ya hana shi, bai yarda ba, ya shiga ruwan da masu karɓar haraji suka shiga. In shi bai ga layin ya yi masa ƙanƙanta ba, mu su wane ne?

Akwai wani labari daga tarihin ikilisiya da ya dace da manyanmu masu ilimi. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, shi ya rubuta shi. A birnin Roma an yi wani shahararren malami ɗan asalin Afirka mai suna Biktorinus. Ya koyar da 'ya'yan manya, ya yi suna har aka kafa masa mutum-mutumi a dandalin birni tun yana da rai. Da tsufansa ya karanta Littafi Mai Tsarki ya gaskata, ya riƙa faɗa wa abokinsa a asirce cewa shi fa Kirista ne. Abokin ya ce ba zai yarda ba sai ya gan shi a cikin majami'a. Biktorinus ya riƙa mai da abin wasa, yana tambaya ko bangon gini ne yake mai da mutum Kirista. Amsa ce ta mai wayo, mun kuma ji irinta a zagayenmu: "Ai Allah zuciya yake dubawa." Gaskiya ne, zuciya yake dubawa, ya kuma ga abin da zuciyar take gudu. Biktorinus manyan abokansa yake jin nauyi. Daga baya ya ji tsoron kada Almasihu ya yi musun saninsa, ya ba da sunansa a ajin masu neman baftisma. Da ranar shaida ta zo, shugabannin ikilisiya suka ce yana iya yin tasa a keɓe. Ya ƙi. Ya hau gaban jama'a ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, kamar yadda ya saba koyarwa a fili. Labarin nan yana cikin abubuwan da suka girgiza Agustin kansa, har aka yi masa baftisma a Milan a shekara ta 387.

Mun kawo wannan ne domin wasu sun roƙe mu a yi musu tasu da dare, ko a wani gari inda ba a san su ba. In don tsaron rai ne, ikilisiya ta san yadda take yi, kuma daidai ne. In don kada 'yan kwaya su gani ne, muna roƙo a sake tunani.

Yanzu bari mu juyo kanmu, mu da aka riga aka yi wa baftisma, kada mu zauna muna gyaɗa kai. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tuba ba ta ƙare a ranar da muka fito daga ruwa ba. Sau nawa aka sa wani a horo, maimakon ya zauna a kujerar baya na 'yan watanni, sai ya kwashe iyalinsa ya koma wata ɗarika, can kuma aka karɓe shi da tafi domin yana da hannu sake? Sau nawa aka kira mutum gaban dattawa ya ce, "In na yi wa wani laifi a yafe mini," alhali ya san laifin, ya san mai shi, ga shi nan zaune? Wannan tuban muzuru ne, kaza tana baki. Muna da dattawa biyu a wata ikilisiya da suka shekara ba sa gaisawa a kan kuɗin gini, kuma su ne suke raba gurasa da ƙoƙo ranar Jibin Ubangiji, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Kowa yana jira ɗayan ya fara. Yara suna gani. Sa'an nan mu ce musu su zo su tuba.

Akwai kuma wani girman kai da yake kama marasa rinjaye musamman. Saboda ana matsa mana, sai mu ɗauka wahalarmu ta wanke mu, laifi duka yana waje. Mai shan wuya ma yana iya zama Bafarisiyen nan na Luka 18 wanda ya tsaya a Haikali yana gode wa Allah domin shi ba kamar sauran mutane yake ba. Maƙwabtanmu Musulmi sun san muguntar girman kai sarai, suna koya wa 'ya'yansu cewa shi ya fitar da Iblis daga rahama. In sun tsaya sahu, mai kuɗi da ɗan dako kafaɗa da kafaɗa suke. Mu kuwa da muke da gargaɗin Yakubu sura 2 a hannunmu, har yanzu muna da kujerun da kowa ya san na wane ne, ko bai zo ba babu mai zama.

Abin da ya fi ba mu kunya, kunya ta gaske wannan karon, shi ne yadda muke karɓar Bahaushe ko Bafulatani da ya zo da kansa yana neman baftisma. Sau da yawa kallon ɗan leƙen asiri muke yi masa. Mu sa shi jira shekara da shekaru, mu yi ta gwada shi da abin da ba mu gwada 'ya'yanmu da shi ba, in ya nemi aure a cikinmu a ce ba a san asalinsa ba. Hattara tana da kyau, ba mu ce a yi sakaci ba. Almajiran Urushalima ma sun ji tsoron Shawulu. Amma an sami Barnaba da ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni. Mutumin da ya rasa gida da gado saboda sunan Yesu, ya zo ya tarar da mu muna auna kabilarsa, girman kan wa ya tsaya tsakaninsa da ruwa? Namu ne.

Mun ce za mu dawo kan tsoro. Kada kowa ya fita daga nan ya riƙa nuna duk wanda ba a yi wa baftisma ba yana cewa ga mai girman kai. Akwai matar da in ta fito za a raba ta da 'ya'yanta. Akwai saurayin da yake cin abinci a gidan da ba a san ya ba da gaskiya ba. Akwai wanda bishara ta same shi da mata biyu, dokar ɗarikarsa ta tsai da shi, ya kuwa ƙi korar uwar 'ya'yansa. Maganar nan ta daɗe tana wahalar da ikilisiya: taron bishop-bishop na Anglikan a Lambeth ya hana yi wa irinsu baftisma a 1888, sai a 1988 ya buɗe ƙofa bisa sharuɗɗa, wasu ɗarikun kuma har yanzu suna kan matsayinsu. Waɗannan 'yan'uwa addu'a da haƙuri da rufin asiri suke bukata daga gare mu. Kowa ya san a zuciyarsa ko yana cikinsu ko ba ya ciki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sunan unguwar nan yana ɗauke da sunan itacen gawo, manoman da suke cikinmu kuma sun san halinsa. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka bushe, shi kore shar. Da damina ta sauka, kowane ɗan tsiro yana murna da ruwan sama, sai shi ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara kamar abin bai shafe shi ba. Manomi yana son sa, gero yana kyau a ƙarƙashinsa, dabbobi suna cin 'ya'yansa. Haka wasu iyayenmu suke a ikilisiya. A lokacin wahala su ne inuwarmu, mun ci amfaninsu, ba za mu taɓa musun wannan ba. Amma in ruwan alheri ya sauko, sai su tsaya gefe su bar wa yara. Gawo haka aka halicce shi, ba shi da laifi. Mutum kuwa an ba shi zaɓi.

Ga shawarwarin da muka kawo wa dattawa, su duba. A buɗe aji na manya dabam inda ake bukata. Ba mu ga laifi a rage wa tsoho nauyin da za a iya rage masa ba, muddin ranar shaida a gaban jama'a za a yi ta tare da kowa. A daina karɓar wanda ya gudo daga horo sai an tuntuɓi ikilisiyar da ya baro, wannan kuwa sai fastocinmu na ɗariku dabam-dabam sun sauke nasu girman kan sun riƙa kiran juna. Kowane sabon mai bi a ba shi gida ɗaya da zai zama Barnabansa, inda zai ci abinci a kuma san shi. Mu kuma da muka yi zagayen nan mun yi alkawari a tsakaninmu cewa kafin Jibin Ubangiji mai zuwa, kowannenmu zai je gidan wanda yake riƙe da shi a zuciya, ya kira laifin da sunansa. Biyu daga cikinmu sun riga sun je. Ɗaya an karɓe shi da hawaye, ɗaya an bar shi tsaye a ƙofar gida, zai kuma koma.

Baban nan da ya yi maganar furfura, mun sake komawa wurinsa, ya kuma yarda mu faɗi wannan ba tare da sunansa ba. Jikarsa 'yar shekara 13 tana ajin baftisma. Idonsa ya yi rauni, ita take karanta masa Littafi da yamma, sai ta riƙa maimaita darasin ajin a gabansa tana cewa, "Kaka, yi mini tambaya in ga ko na iya." Yana yi mata tambaya, yana jin amsa. Wata rana ta ce, "Kaka, kai a wane kogi aka yi maka taka?" Ya ce mana ya fi minti 5 bai ce komai ba, sa'an nan ya faɗa mata gaskiya. Ya ba da sunansa makon jiya. Sharaɗi ɗaya ya kafa, wai a sa masa kujera mai jingina saboda bayansa, benci yana ba shi wahala. Mun ce an yarda.

Masu son ba da suna su ga sakataren ikilisiyarsu bayan an tashi.  Bari mu sunkuyar da kanmu, baba fasto zai yi mana addu'a.